Siklid a Tankin Gida a Kaduna: Na Malawi, Kribensis Ko Oska, Wanne Za Ka Ɗauka?

Karfasar da ake soyawa a bakin titi da yamma da ɗan rawayan kifin nan mai sheƙi da ke zirga-zirga tsakanin duwatsu a tankin gilas 'yan gida ɗaya ne. Sunan danginsu siklid, kuma nau'o'in da masana suka tantance a cikinsa sun haura 1,600, akasarinsu a Afirka da Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya. Hali biyu ya haɗa su: kishin wuri da tsayuwa a kan 'ya'ya. Waɗannan halaye su ne daɗin kiwonsu, su ne kuma tushen yawancin asarar da sabon mai kiwo yake tafkawa.

Mai saye da ido yake zaɓa, ba kuma laifinsa ba ne, kifayen suna da kyau. Amma a Kaduna abu uku ya kamata su yanke maka hukunci kafin ido ya sa baki: irin ruwan da ke gidanka, awa nawa wuta take yi ba ta nan, da tazarar da ke tsakanin sanyin asubahin Janairu da zafin azahar ɗin Afrilu.

Ruwa, wuta da yanayi

Kaduna tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, irin wanda ya yi duwatsun Kajuru. Wannan dutse ba ya sakar wa ruwa ma'adini sosai, shi ya sa ruwan borehol da na rijiya a unguwanni da yawa ba shi da nauyi: sabulu na yin kumfa nan take, buta ba ta tara farin ɓawo a gindi, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa (in lambar ta yi ƙasa, tsamin ya ƙaru), yakan faɗo wajen 7 ko ƙasa da haka. Duk da haka kada ka ɗauka, ka gwada, domin rijiyar da aka ɗaure da sabon siminti tana iya ba ka wani lissafi dabam. Abu uku za ka auna: pH, da KH wanda shi ne ƙarfin ruwa na riƙe pH kada ya zame, da GH wanda shi ne nauyin ruwan. Ka ɗebi ruwan a bokiti, ka bar shi ya kwana da famfon iska a ciki, sannan ka auna da safe. Ruwan borehol yana fitowa da iskar kabon a narke, wadda take danne pH, in ka auna shi daga bakin famfo zai yi maka ƙarya. Ruwan famfon gwamnati kuwa yana zuwa da kilorin, sai an ɗiga masa maganin kashe kilorin ko a bar shi a buɗaɗɗen duro kwana biyu ana hura masa iska.

Batun wuta shi ne mai kashe kifi a nan. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a matata su ne ke juya amoniyar kashin kifi zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Suna buƙatar ruwa mai gudu da iska. Matatar waje mai rufaffen gwangwani in ta yi awoyi a kashe, iskar cikinta tana ƙarewa, ruwan ya ruɓe, wuta na dawowa ta tura shi cikin tanki. Matatar soso mai aiki da famfon iska ba ta da wannan matsalar, tunda a cikin tanki take a buɗe, kuma famfon ba ya cin fiye da wat 3 zuwa 5. Ƙaramin famfo mai kan USB wajen wat ɗaya yake ci, fawa bank mai 20,000 mAh zai riƙe shi fiye da kwana guda cur. Kowane irin siklid ka zaɓa, ka fara mallakar wannan kafin kifin.

Yanayi kuma fuska biyu gare shi. Da hunturu sanyin dare a waje yakan sauko kusa da digiri 15, ƙaramin tanki a ɗaki mai shan iska ya faɗo ƙasa da 22. Kusan dukkan kifayen da za mu ambata suna son 24 zuwa 28. Sanyi na raunana su, sai ka wayi gari ka ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa musu gishiri. Hita ake sawa, wat ɗaya ga kowace lita a ƙiyasce, kuma ita ce mai shanye batirin inbata: hita mai wat 200 in ta yi aiki awa biyar a dare ta cinye wat-awa 1,000. Lulluɓe baya da gefen tanki da farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji, a ɗora bargo da dare, yana rage wannan ƙwarai. Da bazara, Maris da Afrilu, ruwa kan haye 30 a ɗakin da ba silin, kuma ruwa mai ɗumi iskarsa ta fi ƙaranci. Fanka a saitin saman ruwa tana sauke digiri 2 zuwa 3, musamman a Maris da iska take a bushe.

Na Tafkin Malawi: launi mai tsada

Su ne suka fi ɗaukar ido, su ne kuma aka fi saye. Tafkin Malawi yana da nau'in siklid aƙalla 700, kusan dukkansu babu su a wani wuri a duniya. Waɗanda suka fi yawa a kasuwa su ne mbuna, wato kifin duwatsu a bakin mutanen Tonga na gaɓar tafkin. Ruwansu na asali mai pH wajen 7.7 zuwa 8.6 ne, ka ga kenan ruwan Kaduna sai an gyara shi.

Gyaran ba wuya, sai dai aiki ne na kowane mako har abada. Giram 3 na bekin soda a lita 100 yana ɗaga KH da maki ɗaya, giram 4 da rabi na gishirin Epsom a lita 100 yana ɗaga GH da maki ɗaya. Ka nufi KH 6 zuwa 10 da GH 8 zuwa 12. A duro ake haɗawa, ba a zuba hoda kai tsaye kan kifi, kuma lissafin ruwan da za ka canza kawai za ka yi. Ruwan da ya ƙafe saboda zafi ko fanka, da ruwa zalla ake cike gurbinsa, domin ma'adinin bai ƙafe tare da shi ba. Jakar niƙaƙƙen ɓawon kawa, irin wanda masu abincin kaji ke sayarwa don kajin ƙwai, in aka wanke ta aka sa a matata tana riƙe pH tsakanin canji da canji. Akwai masu cewa a sa kanwa tunda ita ma tana ɗaga pH. Kada ka yi. Ƙarfinta yana bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, ga ƙasa da datti, ba ka da hanyar sanin abin da ka zuba.

Tankin mbuna kada ya gaza santimita 120 a tsawo. Mai 120 da 45 da 45 yana cin lita 243, gilashinsa milimita 10 da takalmin gilas a sama, nauyinsa da duwatsu ya wuce kilo 300, don haka teburin ƙarfe ko ginin bulo yake so. A jera duwatsu har rabin tsayin tanki, manyan su zauna a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, saboda kifin yana tona, dutsen da ke kan yashi zai rufta.

Ga inda matsalar take. Mbuna masu faɗa ne, kuma dabarar da ake kashe faɗan da ita ita ce cunkoso: kifi 12 zuwa 15 a wannan tankin, namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu, yadda mai cin zali ba zai iya sa ido kan guda ɗaya ba. In ka zuba huɗu kawai, babban zai bi su ɗaya bayan ɗaya har ya rage shi kaɗai. To cunkoso yana nufin kashi mai yawa da buƙatar iska mai yawa. Sannan gubar amoniya tana ninkuwa kusan sau goma duk lokacin da pH ya hau maki ɗaya: abin da kifi zai jure a pH 7, a pH 8 kisa ne. Haɗa cunkoso da pH 8 da ruwa mai digiri 31 da daren da ba wuta, za ka tarar da su da asuba sun taru a saman ruwa suna haki, manyan su ne ke fara mutuwa. Shi ya sa ra'ayinmu bai da kwana-kwana: wanda ba shi da sola ko inbata mai kai wa safe, ya haƙura da mbuna.

Wanda yake da wutar, ya fara da rawayan nan, Labidochromis caeruleus, mai santimita 10 da baƙin layi a ƙayar baya, shi ne mafi sanyin hali. Saulosi ma zaɓi ne mai kyau, domin nau'i ɗaya yana ba ka launi biyu, namiji shuɗi mai baƙaƙen zane, mace ruwan ƙwai. Auratus da kenyi suna da kyau suna ƙanana, suna girma su zama annoba, a bar su a shago. Kada kuma a haɗa nau'i biyu masu kama da juna, za su yi barbara a samu 'ya'ya ruwa biyu da babu mai saye.

Abinci ma tarko ne. Abincin tarwada da ke ko'ina a kasuwa furotin ɗinsa ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, ga maiƙo, alhali yawancin mbuna gansakuka suke kankara a jikin dutse, hanjinsu dogo ne. Irin wannan abinci tare da gurɓataccen ruwa shi ke kawo kumburin ciki: kifi ya daina ci, ya riƙa jan farin kashi kamar zare, ciki ya kumbura, cikin kwanaki ya tafi. Abinci mai sifirulina, wata irin gansakuka, ake ba su, da alayyafo ko kokwamba da aka ɗan tsoma a ruwan zafi, abin da za su cinye cikin minti ɗaya, sau biyu a rana. In an ga alamar da wuri, a tsayar da abinci, a canza ruwa, a sa maganin metronidazol miligiram 250 ga kowace lita 40.

Wajen haihuwa kuwa babu wanda ya kai su sauƙi. Mace tana zuba ƙwai ta kwashe a baki, a nan ake barbararsu, a nan take riƙe su wajen mako uku ba ta cin komai. Za ka gane ta da kumburin maƙoshi da yadda take motsa baki kamar mai tauna goro, ta laɓe a lungu lokacin da sauran ke wawar abinci. Bayan mako biyu a kama ta a hankali a mai da ita tankin lita 40 mai ruwan babban tanki. In aka kama ta da wuri ko aka wahalar da ita da raga, tana iya tofar da ƙwan ko ta haɗiye. 'Ya'yan 10 zuwa 30 ne, suna fitowa da girman kusan santimita ɗaya, nan take suke cin niƙaƙƙen abincin manya. A ba uwar mako guda ta ci ta murmure kafin a mayar da ita cikin maza.

Kribensis: ɗan ƙasa

Pelvicachromis pulcher daga rafukan kudancin Nijeriya yake, yankin Neja Delta, har zuwa gaɓar Kamaru. Masu kiwo a Turai da Amurka sun daɗe da saninsa, amma a gida ana wuce shi, saboda a tankin shago fari fat yake zama don tsoro. Ba shi mako biyu a tanki mai duhun ƙasa da maɓoya ka ga abin mamaki. Namiji santimita 10 ne, siriri, ƙarshen ƙayar bayansa mai tsini. Mace ba ta wuce 7 zuwa 8, gajeriya mai tumbi, in lokacin ƙwai ya yi cikinta yana yin ja kamar zoɓo, ta lanƙwasa jiki gaban namiji tana karkarwa.

Abin da ya sa muke sa shi gaba a Kaduna lissafi ne kawai. Yana zaune lafiya a pH 6 zuwa 7.5, wato ruwan borehol ɗinka yadda yake, ba soda ba gishiri. Tankin lita 60 zuwa 80 ya ishi mata da miji, gilashin milimita 6, matatar soso ɗaya, hita mai wat 50 zuwa 75. Kifi biyu a lita 70 ba za su ƙarar da iskar ruwa a dare ɗaya ba, kuma a pH ƙasa da 7 amoniya ba ta da kaifi. Raunin ƙaramin tanki ɗaya ne, saurin sanyi da saurin zafi, don haka a ajiye shi a bangon cikin gida, nesa da taga. In KH ɗinka bai kai 2 ba, ka sa cokali biyu na ɓawon kawa a matata. Ruwa ba ya tsami banza: aikin bakteriya ne yake cinye ɗan KH da ke akwai, sai pH ya rufta zuwa 5 cikin 'yan makonni.

A kogo yake yin ƙwai. Rabin ɓawon kwakwa da aka kankare aka dafa, ko 'yar tukunyar ƙasa sabuwa da aka kife, a fasa mata ƙofa mai faɗin santimita 3 zuwa 4 a goge bakin. A sa biyu ko uku su zaɓa, a kan yashin kogi mai laushi da aka wanke har ruwan ya fita garau. Za ka ga mace tana fito da yashi da baki tana tofarwa a ƙofa har ta yi tudu. Ranar da ta shige ta daina fitowa, cikinta kuma ya sace, ta yi ƙwai a rufin kogon, yawanci 50 zuwa 150. Kada ka ɗaga tukunya don leƙe, cinye su za ta yi. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana uku, wajen kwana bakwai zuwa goma daga ranar da aka zuba su za ta fito da su. Wannan shi ne kallon da ba a samu a tankin Malawi: garken 'yan mitsi-mitsi a ƙarƙashin uwa, uba na gadi a gefe, in inuwa ta gifta sai ta girgiza jiki, dukkansu su kwanta a yashi cak kamar babu su, da magariba kuma ta kwashe su da baki ta mayar kogo.

'Ya'yan ƙanana ne, sun fi son abinci mai rai. Ƙwan atimiya, wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwan gishiri, da masu ƙyanƙyasar tarwada ke amfani da shi yana samuwa wurin masu abincin kifi. Lita ɗaya ta ruwa, giram 25 zuwa 30 na gishiri, rubu'in ƙaramin cokali na ƙwan, a hura iska, cikin awa 24 zuwa 36 sun fashe. A tace, a ɗauraye, a ba su sau biyu ko uku a rana. Cikin ɗan kifin da ya ƙoshi yana yin ruwan lemo, da haka ake ganewa. Gwaiduwar ƙwai tana yi in babu, amma tana ɓata ruwa cikin awoyi.

Abu biyu ke lalacewa. Na farko, ma'auratan su juya wa juna, ɗaya ya kori ɗaya daga kan 'ya'ya har ya ji masa rauni. Ƙananan kifaye biyar ko shida masu yawo a saman ruwa, irin su daniyo, suna ba su abokin gaba na waje. In hakan bai yi ba a cire wanda ake kora, ɗaya ya isa reno. Na biyu, 'ya'yan su fito kusan jinsi ɗaya. A wannan kifin pH yana da hannu a jinsi: ruwa mai tsami sosai ya fi ba da maza, wanda ya hau 7 ya fi ba da mata. Tsayawa tsakanin 6.5 da 7 ya fi kawo daidaito.

Jan lu'ulu'u da mai zanen fursuna

Hemichromis, jan kifin nan mai ɗigon shuɗi, shi ma ɗan Afirka ta Yamma ne, kuma gwani ne wajen jure zafi da sakacin mai shi. Amatitlania nigrofasciata, mai baƙi da farin zane, daga Amurka ta Tsakiya yake, juriyarsu ɗaya. Dukkansu suna yin ƙwai ba tare da an roƙe su ba, jan yakan zuba 200 zuwa 500 a kan shimfiɗaɗɗen dutse. Sharaɗinsu shi ne tankin lita 100 zuwa 120 na ma'aurata su kaɗai, domin ranar da suka yi ƙwai duk wani kifi a ciki ya shiga uku. Matsala ta biyu ta fi ta farko: bayan wata uku kana da kifi ɗaruruwa, kasuwar kifin ado a Kaduna kuma ba ta da faɗin da za ta kwashe. Kada a zubar da su a Kogin Kaduna ko a kududdufi. Giwan ruwan da aka saka a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya shafe nau'o'in siklid masu yawa na tafkin, baƙon kifi ba a san ƙarshen ɓarnarsa.

Oska: kifi ɗaya, shekara goma

Astronotus ocellatus na yankin Amazon ana sayar da shi yana santimita 5, mai manyan idanu, yana bin yatsa a jikin gilas. A shekarar farko yakan ƙara kusan santimita 2 da rabi kowane wata, ya tsaya wajen 30 zuwa 35, ya kuma rayu fiye da shekara goma. Guda ɗaya lita 300 yake so, biyu 450 zuwa sama. Yana gane mai ba shi abinci, yana karɓa daga hannu, shi ya sa masu shi ba sa iya rabuwa da shi.

Ta fuskar Kaduna yana da maki biyu. Ruwanmu mara nauyi ya dace da shi, kuma babban oska yana cikin kifayen da suka fi jure ƙarancin iska, ga shi babban tanki ba ya saurin yin sanyi. Inda yake kayar da mutane shi ne ƙazanta. Yana ci yana furzar da rabi, naitiret ya taru, sai ramuka su fara fitowa a goshinsa. Maganin rigakafi shi ne canza kashi 40 zuwa 50 na ruwa kowane mako, wato har lita 150 a tankin lita 300, jarka shida masu lita 25. Wanda ke sayen ruwa wurin mai kura ya lissafa wannan sau 52 kafin ya saya. Abincinsa ƙwayar abincin siklid mai kyau, a haɗa da tana, gyare, da shinge a farkon damina, muddin ba daga inda aka yi feshi aka kamo su ba. Ƙananan kifaye masu rai suna shigo da cuta, nama mai kitse kuma yana lalata hanta. Hita sai an sa mata kariya don yana fasa ta, murfi kuma ya zama mai nauyi don yana tsalle.

Don haihuwa ba ma ba da shawararsa. Ba a bambance mace da namiji da ido, sai an reni shida fiye da shekara su ware kansu, sannan ƙwai dubu ko fiye su zo maka a lokaci ɗaya.

Anjel da diskas

Mutane da yawa ba su san anjel siklid ba ne. Yana son digiri 26 zuwa 29, don haka bazara ba ta damunsa, hunturu ne ba ya yafe wa. Tankinsa tsayi yake so, santimita 45 zuwa 50 aƙalla, lita 150 zuwa 200 ga matasa shida da za a bari su ware ma'aurata. Suna manna ƙwai a faffaɗan ganye ko guntun bututun roba da aka jingina, ya ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku, bayan wasu kwana biyar su fara iyo, kuma dole sai da atimiya. Sabbin ma'aurata kan cinye zubin farko da na biyu, wannan ba abin tada hankali ba ne. Shi ne zaɓi na biyu bayan kribensis, kuma 'ya'yansa sun fi samun masu saye. Diskas kuwa, wanda 'ya'yansa ke tsotsar majinar jikin iyaye, digiri 28 zuwa 30 yake so dare da rana ba yankewa. Ruwanmu ya dace da shi, wutarmu ba ta dace ba.

Na Tafkin Tanganyika masu zama a katantanwa, irin su Neolamprologus multifasciatus da namijinsa bai wuce santimita 5 ba, suna da daɗin kiwo a lita 60, katantanwa biyu ko uku ga kowane kifi. Sai dai ba kasafai ake samunsu a nan ba, suna son pH sama da 8, kuma ruwa in ya daɗe sama da digiri 29 suna galabaita. Sai mai ɗakin da ke da na'urar sanyaya.

To wanne?

Mai ɗaki ɗaya, wuta na zuwa tana tafiya, yana son ya ga haihuwa da reno da idonsa: kribensis. Mai sola, mai falo da wurin tankin santimita 120, wanda launi da motsi yake so kuma ba zai gaji da awon soda duk mako ba: mbuna, ya fara da rawaya da saulosi. Mai borehol a gida da ke son kifi ɗaya da zai saba da shi: oska. Mai tunanin sayar da 'ya'ya: anjel ko rawayan Malawi. Kada a haɗa waɗannan rukunai a tanki ɗaya ko da mai shago ya ce suna zama tare. A shago ƙanana ne, kwana kaɗan kuma suke yi. Ruwan da ya yi wa mbuna bai yi wa anjel ba, mbuna za su yage masa fiffike, oska kuma zai haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa.

Kowanne ka ɗauka, tanki ya fara aiki mako huɗu zuwa shida kafin kifi ya shiga, ana jefa ɗan abinci kullum har gwaji ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili. Soson da ya daɗe a tankin wani mai kiwo yana rage wannan jira sosai. Mai haɗa gilas ya yi amfani da silikon zalla, wanda ba a sa wa maganin fumfuna ba. Kifin ado galibi daga Legas yake isowa, ya sha doguwar hanya a leda, don haka a bar shi ya yi kwanaki a shago a ga yana ci kafin a biya, a ɗora ledar a kan ruwa minti 20, kuma sabon kifi ya yi mako biyu zuwa huɗu a keɓe kafin ya haɗu da na gida. Canjin ruwa kashi 25 zuwa 30 ne kowane mako, soso kuma a ruwan da aka cire daga tanki ake matse shi, ruwan famfo mai kilorin yana kashe bakteriyar.

Saura maganin sauro. Fiya-fiya da maganin feshi na gwangwani da na kunnawa guba ne ga kifi, ɗan kaɗan ya isa, kuma famfon iska yana zuƙar abin da ke ɗaki ya tura shi kai tsaye cikin ruwa. In dole a yi feshi, a kashe famfon, a rufe tanki ruf da leda da jiƙaƙƙen zane, a buɗe tagogi bayan awa ɗaya, sai warin ya fita gaba ɗaya a kunna. Da bazara kada rufin ya wuce awa biyu a tanki mai cunkoso. Bokiti da tiyon tanki su zama nasa shi kaɗai, a rubuta musu alama, a kuma sanar da duk mutanen gida cewa ba a wanki da su.